Shekarar da Na Ƙi Taka Bayan Babanku

Gambo, kai ka jawo wannan babin, don haka ka gyara zama. Ranar sunan 'yarka ta ƙarshe ina ɗaki ina jin ka a tsakar gida kana ba abokanka labari, ka ɗauka kunnena ya mutu. Ka ce wai Innarku ta gyara bayan rabin mazan Panshekara, amma da abin ya zo kan mijinta sai ta ce ba ta san zancen ba. Kuka yi dariya, ni ban yi ba. Ban ga laifinka ba, abin da ka tashi kana ji ke nan a bakin baffanku Ɗanladi, Allah ya jiƙansa, mutumin da bakinsa bai taɓa samun hutu ba. Amma na gaji da haɗiye maganar nan. Babanku ne ya ɗaure mini baki, shi kuwa ya daɗe a ƙasa. Yayarku Usaina, wadda saboda ita aka yi ɗaurin, ta ce in faɗa. To ga shi nan, ku karanta ku duka, wanda zai ce tsufa ne ya taɓa ni ya je ya ce.

Mun sauka Panshekara ne lokacin da kamfanoni suka fara cinye gonakin Challawa. Babanku ya samu aiki a wani kamfanin fata, a sashen da ake jiƙa fatu. Aikinsa ya tsamo fatun shanu daga ramin ruwan magani, sharkaf da su, ya saɓa a kafaɗa ya kai inda ake kankarewa. Ku da kuka san shi a duƙe ba za ku gane ba, amma mutumin nan dogo ne sambal, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakina. In ya taso da yamma, warin fata ke riga shi sallama. Na yi mita har na haƙura, na ware masa bokitinsa da sabulunsa daban. A gidan hayar nan na haifi tagwaye, Hassana da Usaina. Ban yi arba'in ba sai ga Iya Yalwa, wata tsohuwa maƙwabciyarmu, 'yar asalin garin, ita ma uwar tagwaye ce tun zamanin da. Ta zauna ta kama ƙafata ta dama tana jujjuyawa kamar mai tayin akuya.

Ta ce, "'Yar nan, kin san abin da Allah ya ba ki kuwa?"

Na ce, "'Ya'ya biyu, Iya, da rashin barci."

Ta ce, "Bar wasa. Uwar biyu tana da ƙafa. Targaɗe, gocewar ƙashi, bayan da ya riƙe, in kika taka sai ya koma mazauninsa. Ni gwiwata ta ƙare, ga mazan kamfanin nan kullum a ƙofata suna nishi. Ke za ki karɓe ni."

Babanku bai so ba da farko, don ga ni matar aure kuma zan taka bayan ƙattin da ba muharramaina ba. Iya ta ce ai abin yana da tsari. Ana shimfiɗa tabarma a zaure, mai ciwo ya kwanta rubda-ciki, a lulluɓe shi da bargo tun daga kai har ƙafa, ba ya ganina ba na ganin fatarsa, mijina kuma yana tsaye. Ni in goya ɗaya daga cikin tagwayen, a ajiye ɗayar kusa, in dogara da taɓarya, in yi bisimilla, in bi gadon bayan da dunduniya a hankali. Ta ce kada in nemi wurin ciwon, ƙafar ce za ta nemo shi. Haka kuwa aka yi. Sai ina tafiya a kan bargon in ji dunduniyata ta tsaya cak, kamar an riƙe ta, in sake nauyina, ka ji ƙas! Ƙato ya yi kabbara ya miƙe. In kafaɗa ce ko wuya, da hannu nake ja, ta kan mayafi. Doka ɗaya ce a kan mai ciwo: ba ya godiya, kuma ba ya waiwaye har ya fita layinmu.

Kafin tagwayen su yi tafiya, sunana ya ɓace, kowa Uwar Biyu. Leburorin Challawa, 'yan dakon Sharada, har masu aikin masaƙa daga Bompai sukan tako keke su tsallake gari guda su zo. Ranar Lahadi zauren nan kamar asibiti. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin abin ƙwarai, mace 'yar ƙauye irina a ce ana layi a ƙofarta. Abu ɗaya na lura da shi ban ba shi muhimmanci ba. Duk lokacin da ƙashi ya yi ƙara, sai tagwayen su zabura tare, su ɗan yi ƙunƙuni, su miƙa jiki, sannan su ci gaba da wasansu. Na ɗauka ƙarar ce take firgita su.

Da zafin wata shekara ƙyanda ta shigo unguwa, ta ɗauke mini Hassana tana gab da shekara uku. Wannan ba zan tsaya a kansa ba, har yau ba na iyawa. Na daɗe ban taka kowa ba, sai can da ciki ya ɗan yi sanyi mutane suka fara dawowa. Na farko wani mutumin Damagaram ne da ke dakon buhuna a Sharada, kafaɗarsa ta hagu ta goce. Da rana tsaka ne, iska ko kaɗan ba ta motsi. Na ja hannun, kafaɗa ta koma, ya tashi ya fita bai waiwaya ba. Na shigo cikin gida na tarar da Usaina a gindin darbejiyar tsakar gida, inda suka saba wasa da 'yar'uwarta. 'Yar tsanarta tana ƙasa, hannunta na hagu yana reto kamar ba nata ba. Ba kuka take ba, shi ya fi tayar mini da hankali. Ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Inna, buhun nan ya yi nauyi. A sauke mini."

Yarinyar da ba ta taɓa ganin buhu a kan mutum ba sai na gawayi, wane buhu? Na duba kafaɗar, ba kumburi ba rauni. Ta yi kwanaki ba ta ɗaga hannun, ko tuwo sai na ba ta a baki, sannan abin ya sake ta da kansa. Na ce wa raina faɗuwa ta yi daga kan turmi ban gani ba. Mutum in ba ya son gane abu, ai ba ya rasa abin da zai faɗa wa kansa.

Bayan 'yan makonni gwaggonku ta tafi da Usaina Kumbotso biki. Tana can sai ga wani daga masaƙar Bompai, an goyo shi a keke, wuyansa ya ƙage ya karkace dama, ga ƙurar auduga fari fat a gashinsa. Na tuna da maganar buhun nan, amma na ce yarinya tana wani gari, me zai same ta? Na kama haɓarsa ta kan mayafi na murɗa, daidai lokacin da jiniyar kamfanonin Challawa ta busa ta tashin ma'aikatan rana. Washegari da hantsi sai ga gwaggonku ta shigo a rikice da Usaina a goye. Wuyan yarinya a karkace dama, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.

Gwaggonku ta ce, "Wallahi lafiya ƙalau take cin shinkafarta, muna jin jiniyar nan daga nesa, kawai sai ta ƙwalla ƙara. Tun jiya magana ɗaya take yi."

Na durƙusa na ce, "Usaina, mene ne?"

Ta ce, "A kashe injin nan, Inna. Auduga tana shiga hancina."

Ko mayafi ban ɗauka daidai ba na faɗa gidan Iya Yalwa. Lokacin ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, ɗakin duhu, sai warin man zafi. Na zayyana mata komai. Ta yi magana tana kallon rufin ɗaki.

"Ciwon da kike cirewa, ina kika zaci yake zuwa? Ƙafar taki ce, amma masu ɗaukar kayan tagwayen ne. Da su biyu ne, sai su raba, su yi wasa da shi ya zube. Yanzu ita kaɗai ce, ba mai kama mata."

Na ce, "Haba Iya! Kun san haka kuka bar ni?"

Ta ce, "Nawa duka biyun sun rayu, 'yar nan. A bakin kakata na taɓa ji, na ɗauka zancen tsofaffi ne. Ki yafe mini."

Daga ranar na mayar da taɓarya gindin turmi, na naɗe bargon na cusa ƙarƙashin gado. Duk wanda ya yi sallama a ce masa ƙafar Uwar Biyu ta tafi. Babanku ya tambaye ni, na ce jikina ne ba daɗi, lokacin ina da cikinka, Gambo, sai ya bar maganar. Na so in faɗa masa, amma yaya zan buɗe baki in ce wa uba 'yarsa tana jin nauyin buhun Sharada? Usaina ta warware, ta koma tsalle-tsallenta. Na yi hamdala, na ce an rabu da abin ke nan. Ashe saura babba.

Cikin daminar shekarar, wata rana kafin azahar, na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Motar ɗaukar kaya ce ta kamfani, babanku a kwance a baya kan buhuna. Ya saɓo jiƙaƙƙun fatu santsi ya kwashe shi, ya faɗi da ƙugu a kan gefen ramin, kayan suka danne shi. Daga nan aka wuce da shi asibiti a cikin gari. Sun yi iya yinsu, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sun ɗauki hoto, suka ce ƙashin baya ne ya goce can ƙasa, suka ba shi magani da wata ɗamara mai ƙarfi, suka ce sai haƙuri da hutu. Ya yi makonni a can. Da aka sallamo shi yana iya tafiya, amma a duƙe, kamar mai neman allura a ƙasa. Mutumin da yake sunkuyawa ya shiga ɗakina, ranar ya shige ba tare da hularsa ta kusanci saman ƙofa ba, na juya baya don kada ya ga hawayena.

Baffanku Ɗanladi shi ne wansa, a Bompai yake aiki a lokacin. Ranar Lahadi ya zo da hantsi, bai ko zauna ba. Da kansa ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya kwantar da ƙaninsa, ya shiga cikin gida ya ɗauko taɓarya ya miƙo mini. Maƙwabta sun taru a ƙofa.

Ya ce, "Uwar Biyu, bisimilla. Kin gyara na waje, ga na gida."

Na ce, "Yaya, ƙafar ta tafi tun rasuwar Hassana."

Ya ce, "Ƙarya kike! Wanda kika murɗa wa wuya kwanan baya a sashenmu yake, ga shi can yana aikinsa garau. Yaushe ta tafi?"

Ku ji gaskiya, ƙafar ba ta je ko'ina ba. Ina tsaye a kan babanku, ko bargo ba a rufa masa ba tunda mijina ne, ina ganin wurin ƙarara, ɗan tudu a ƙasan gadon baya. Dunduniyata har ƙaiƙayi take. Na san taku ɗaya ne, ƙas, ya miƙe ya koma mutumin da na aura. Zuciyata ta ce yarinya ai ta warke sau biyu, wannan ma za ta warke. Na karɓi taɓaryar. Na yi bisimilla na ɗaga ƙafa, ban kai ga ɗorawa ba, sai na ji 'yar murya a bayana. Usaina ce a bakin ƙofar cikin gida, ta dafa ƙugunta da hannu ɗaya kamar tsohuwa, idonta ba a kan kowa ba.

Ta ce, "Inna, santsi."

Ba wanda ya kula sai ni, sai kuma babanku da ya juyo da fuskarsa daga kan tabarma. Wallahi a daidai lokacin na ji warin ramin fata ya cika zauren, alhali rabon mutumin da kamfani ya fi wata. Na sauke ƙafata a ƙasa. Na jingine taɓaryar a bango.

Na ce, "Ba zan taka ba."

Abin da baffanku ya faɗa mini ranar ba na rubutawa ba ne, tunda ya riga mu gidan gaskiya. Mafi sauƙi a ciki shi ne muguwa. Ya buga babbar rigarsa ya fita, mutane suka watse suna salati. Da la'asar, gida ya yi tsit, babanku yana kishingiɗe a kan gefensa, ya kira ni. Ya ce in faɗa masa abin da yarinyar nan ta gani. Na faɗa masa duka, tun daga buhu har auduga har maganar Iya Yalwa, ina yi ina kuka. Har na ce ko in gwada kaɗan-kaɗan, yau ɗan taku gobe ɗan taku, ko abin zai zo mata da sauƙi.

Ya ce, "Uwar Biyu, dubi bayan nan. Bayan ƙato ne, shi ma ga yadda ya yi da ni. In ya sauka a kan wannan 'yar mitsitsiyar, karya ta zai yi biyu. Mun binne ɗaya, ya isa."

Na ce, "To akwai wata uwar biyu a Kumbotso, sai a kai ka can."

Ya ce, "Ita 'ya'yanta ba 'ya'ya ba ne? A'a. Kayana ne, zan ɗauki abina."

Sannan ya sa na yi masa alkawari ba mai ji, har baffanku. Ya ce in garin nan ya ji, za a ce yarinyar 'yar ruwa ce ko mai aljanu, uwa ba za ta bar 'yarta ta yi wasa da ita ba, in ta girma kuma ba mai zuwa ƙofarmu. Abin da ya fi damunsa ma ba wannan ba ne. Ya ce ba ya so Usaina ta tashi tana kallon bayansa tana ganin ita ce sila. Na ce to ni fa, me za a ce da ni? Ya yi ɗan murmushi ya ce ai ni bakina ya ishe ni kare kaina. Ka ji fa, ya ɗaure bakin kuma ya ce bakin zai kare ni.

An kuwa faɗa. Aka ce na shanye shi, na fi son shi a duƙe don in juya shi yadda nake so. Aka ce wani boka ne ya ce in na miƙar da shi zai ƙara aure. Matan da na gyara wa maza suka daina amsa gaisuwata a bakin famfo. Baffanku ya yi ta zarya a sake ni, babanku ya yi ta cewa ya ji, har baffan naku ya gaji ya daina zuwa. An gwada ƙaho, an gwada tausa da man shanu, maɗori ya duba ya ce wannan ba karaya ba ce balle ya ɗora. Kamfani suka mayar da shi gadi a bakin ƙofa, yana zaune a benci yana buɗe wa motoci. Da aka fara rage ma'aikata yana cikin na farko. Ni na koma dafa shinkafa da wake ina kaiwa bakin kamfanonin Challawa da rana. Ina zuba wa mutum abinci, mutumin da da ƙafata ya miƙe, yana juya baya in ji ya ce wa na kusa da shi, ita ce fa. Ya yi mini ciwo, har yau ban manta ba. Amma da za a dawo da ni zauren nan, sauke ƙafar zan sake yi.

Shi kuwa bai taɓa yi mini ƙorafi ba, ko sau ɗaya. Da takalmi yake gane mutane, ya ce wa baƙo sannu da zuwa Malam wane tun bai yi magana ba. Salla a zaune. Ranar ganin wata kowa ya ɗaga kai sama, shi sai ya tambaye ku ko ya fito, ya kwanta ta ina. Usaina kuwa ta yi ta tsawo, ta ɗauko shi sak, doguwa sambal. Kun sha yi masa tsiya wai ya cika aiken ta, Usaina miƙo buta, Usaina ɗauko mafici, abu yana kusa da hannun wani amma sai ita. Ni na san dalili. Sai ya karkata kai gefe yana kallonta tana ratsa tsakar gida a miƙe, har ta kawo.

Usaina ta zama budurwa lokacin da ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ana saura 'yan kwanaki ya ce mini, cikin wasa kamar yadda ya saba, shi dai abu ɗaya yake so, in ya tafi a kai shi a miƙe, ya gaji da kallon ƙasa. Na ce ya daina irin wannan magana. Da hantsin wata Talata ya cika. Maza suka shiga yi masa wanka a ɗakinsa, baffanku ya auna shi da igiya yadda yake a lanƙwashe, ya aika aka yanko likkafani. Can sai liman ya fito ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaran murya. Ya ce gawa ta ƙi miƙewa, sun ja a hankali ta ƙi, su kuma ba za su tilasta wa mamaci ba. Baffanku ya fito bayansa, ya tsufa, idonsa jawur. Ya dube ni a cikin mata.

Ya ce, "Ko yanzu ma za ki ƙi?"

Liman ya ce babu laifi mace ta shiga wurin gawar mijinta. Ga wasiyyar mutumin, ga kuma abin da ya yi shekaru yana tarewa da bayansa, wa ya ce mini mutuwa ta kashe ciwon? Ina cikin haka na ji an riƙe hannuna. Usaina ce, ta kawo bakinta kusa da kunnena.

Ta ce, "Inna, ki shiga. Na sani."

Na ce, "Kin san me?"

Ta ce, "Tun ranar da kika ɗaga ƙafa a zaure. Na ji ƙasa tana zamewa a ƙarƙashina. Baba ya ɗaukar mini tun ina ƙarama, bari ni ma in ɗaukar masa."

Na ce a'a, ta ce in ban shiga ba ba za ta yafe wa kanta ba har ta mutu. Ta saki hannuna ta je gindin darbejiya ta tsaya, ta dafa itacen. Na shiga, maza suka ba ni wuri. Yana kwance a gefen dama an rufe shi da zane. Ƙafa ba ta taɓa gawar mijina ba, tafin hannuna na sa a kan ɗan tudun nan da na yi shekaru ina kallo. Na yi bisimilla. Ban ma danna ba, wallahi ɗorawa kawai na yi. Sai ƙara ta tashi daga ƙugunsa, ƙas, ƙas, ƙas, tana hawa gaɓa bayan gaɓa har wuya, kamar ana karya kara. Ya miƙe a hankali kamar mai miƙa bayan barci, har ƙafafunsa suka wuce bakin tabarma. Liman ya ja da baya yana salati.

Ban tsaya ba, na fito da gudu ina jiran in ji ihu. Tsakar gida cike da mata amma tsit. Usaina tana nan tsaye ƙiƙam inda na bar ta. Na kama ta ina lalube bayanta tun daga wuya har ƙugu, ina cewa ina ne, ina yake miki ciwo. Ba ta dube ni ba, ƙasa take kallo, gefen saiwar itacen, daidai inda nake shimfiɗa musu zane su biyu suna jarirai. Yarinyar da tun tana ƙarama ban taɓa jin ta ambaci 'yar'uwarta ba.

Ta ce, "Ciwon ya taho, Inna, na ji shi yana tahowa. Sai aka tare. Hassana ce ta karɓa."

Ni ban ce muku ga abin da ya faru ba, Allah shi ne masani, kuma ban taɓa kai maganar gaban wani malami ba. Abin da na sani, Usaina ta haifi 'ya'yanta, ga ta da jikoki, ko ciwon baya na masu ciki ba ta taɓa yi ba. Likkafanin da baffanku ya sa aka yanko kuwa bai kai ba, sai da aka koma aka ƙaro yadi, shi ya sa jana'izar ta kai bayan azahar. Kai kana ƙofar gida a cikin maza, Gambo, lokacin da aka fito da shi. Ka tuna da kyau yadda makarar ta yi masa kaɗan. A duƙe ka zo duniya ka same shi, sau ɗaya ka taɓa ganin tsawon ubanka, ranar nan ce.